Mayar da akori-kura 504 zuwa fankar lantarki: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Motar da ake wannan aiki a kanta akori-kura ce ƙirar Peugeot 504, mai injin fetur na silinda huɗu, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975. Sana'arta dakon albasa daga Aliero da buhunan shanshera daga fadamun Argungu zuwa Jega da Birnin Kebbi. Ciwonta guda ɗaya ne, kuma yana da lokacinsa: muddin tana kan kwalta tana gudu, allurar zafi ba ta wuce tsakiya, amma da zarar ta faɗa cunkoson bakin kasuwar Jega, ko aka bar ta a kunne ana lodi, sai allurar ta fara hawa a hankali har ta doshi ja, dole direba ya kashe ta ya jira ta huce.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fankar da ke jikinta a ɗaure take da fulin famfon ruwa, fambel ɗaya ke juya su, saboda haka gudunta gudun injin ne. Idan injin yana silo, wato yana kunne ba a taka totur ba, yana juyi 800 zuwa 900 a minti, fankar ma a sanyaye take juyawa, alhali a daidai wannan lokaci ne babu iskar hanya da ke ratsa lagireto. Idan kuwa mota ta hau titi ta wuce kilomita 60 a awa, iskar da ke shigowa ta gaba kaɗai ta isa ta sanyaya ruwan, amma a lokacin ne fankar ke juyawa da dukan ƙarfinta, tana ƙugi tana cin ƙarfin injin a banza. Wasu 504 sun fito da fanka mai maganaɗisu, wadda ke kamawa idan ruwa ya yi zafi ta saki idan ya huce, sai dai a wannan motar tuni wani ya ɗaure ta da kusoshi, ko wayarta ba a bari ba.

Abin da nake so shi ne fankar da ba ruwanta da gudun injin, wadda zafin ruwa ne kaɗai zai tashe ta ya kuma tsayar da ita. Ina so a gama kafin bazara ta kankama, domin daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Kebbi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma lokacin ne kakar albasa ke sa motar ba ta hutawa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ba a taɓa fanka ba tukuna. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da injin ke ƙonawa ta lagireto yake fita, kuma idan lagireton a toshe yake, duk iskar da za a hura masa ba za ta yi amfani ba. Don haka aka ciro shi aka kai wa mai gyaran lagireto a nan Birnin Kebbi. Ya narka dalmar da ta riƙe tankin sama, ya ɗaga shi, sai ga bakin bututun a fili: wasu a buɗe, wasu kuwa, musamman na gefe biyu, sun cika da farin dasƙararren gishiri irin wanda ke taruwa a gindin butar mai shayi, haɗe da jan tsatsa. Ya ɗauki siririn ƙarfe yana zura wa kowane bututu yana bi da ruwa, har sai da ruwan ya riƙa fita ta ƙasa garau. Wannan aikin ruwan rijiya da na burtsatse ne da aka shekara ana ɗura wa motar. Ta waje kuma, tsakanin siraran fikafikan lagireton, ƙurar hunturu ce da ƙaiƙayin shinkafa da ɓawon albasa suka manne. Da iska mai ƙarfi aka hure su daga baya zuwa gaba.

An canza tiyo na sama da na ƙasa, domin na ƙasan ya yi laushi, kuma tiyo mai laushi yakan matse idan famfo ya zuƙi ruwa da ƙarfi. An sa sabon murfi mai lamba 0.9. Mutane suna raina murfin lagireto, alhali shi ke riƙe matsin da ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 118, kuma murfin da robarsa ta tsage yakan sa mota ta yi aman ruwa ko da injin bai yi wani zafi na a zo a gani ba. Mun kuma tayar da injin da murfi a buɗe muna kallon wuyan lagireto: babu kumfar da ke tasowa a kai a kai, babu farin hayaƙi a salansa, man injin ma bai yi launin madara ba. Gaskit ɗin kan injin lafiyarsa ƙalau.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Da aka kwance gidan tamostat, wato 'yar ƙofar da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya yi zafi, sai aka tarar babu komai a ciki. Wannan ba abin mamaki ba ne, don kusan duk motar da ta shigo hannun bakanikenmu, abin da ake fara yi mata ke nan. Da na ce a nemo sabo a mayar, bakaniken da ke aikin, dattijo ne da ya daɗe a kan Peugeot, ya ajiye sifana ya dube ni ya ce, "Alhaji, wagga ƙasa tamu ba Turai ba ce. Wanga abu na masu ƙanƙara ne. In ya ƙame a rufe, kan injin za ka saya."

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, domin tamostat da ya ƙame a rufe yakan kashe injin cikin 'yan mintoci, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Amma aikinsa ba na ƙanƙara ba ne. Injin an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kama daga digiri 80 zuwa 90 da wani abu. Idan yana ƙasa da haka, fetur ba ya ƙonewa sarai, wani yakan wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin man injin, zoben fistin su riƙa ci da wuri, shan mai kuma ya ƙaru. Duk wanda ya fita da mota da asubahin hunturu a hanyar Kalgo ya san allurar ba ta ko motsawa har ya isa Jega. Sannan tsarin da nake son haɗawa ya dogara ne da injin da zafinsa ke zaune wuri ɗaya.

Muka sasanta a kan gwaji. An sayo wanda aka buga wa 82 a jiki, aka rataye shi da waya cikin tukunyar ruwa a kan risho tare da ma'aunin zafi. Allurar ma'aunin tana wuce 82 kaɗan bakinsa ya fara rabuwa, kafin ruwan ya tafasa ya buɗe gaba ɗaya, da aka sauke tukunyar kuma ya koma ya rufe da kansa. Dattijon ya ce, "To, Allah ya sa haka zai yi a cikin mota," ya ɗaura shi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Neman fanka. Kusan duk ƙananan motocin da injinsu ke kwance a gicciye da fankar lantarki suke fitowa, saboda fulinsu ba ya fuskantar lagireto, don haka a wurin masu sayar da kayan Beljiyam akwai su jibge. Na fi son irin waɗannan a kan sababbin sirara da ake ɗaurewa da igiyar roba ta cikin lagireto: na Beljiyam suna zuwa da gidansu, motarsu, wato ɗan injin lantarkin da ke juya fikafikan, ta fi ƙarfi, kuma igiyar nan da girgizar hanyoyinmu ba ta daɗewa take huda bututu.

Abu biyu na auna kafin fita: faɗi da tsawon fuskar lagireto, da kuma tazarar da ke tsakaninsa da hancin fulin famfon ruwa, wadda ita ce ƙarama. Na ɗauki fanka mai inci 14 ta wata ƙaramar motar Japan, wadda motarta ba ta tsakiyar gidan take ba, ta ɗan karkata gefe, don ta kauce wa hancin fulin. Mai zuƙo iska ce, wato za ta zauna bayan lagireto ta ɓangaren injin. Wadda ake sawa a gaba tana turo iska ita kanta tana tare iskar hanya, shi ya sa ba a zuwa gare ta sai idan wuri ya ƙi.

A nan wurin mai kaya muka jona ta da batir. Ta tashi ba gargada ba ƙara, na girgiza fikafikan ban ji sako-sako a sandar ba. Mai rewaya ya sa mita: tana cin amfiya 11 idan ta daidaita, amma a daƙiƙar tashi allurar takan yi tsalle ta ninka haka fiye da sau biyu. Wannan tsallen ne ake lissafi da shi wajen zaɓen fis da kaurin waya.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

An cire tsofaffin fikafikai, an bar fuli da fambel yadda suke, tunda su ke juya famfon ruwa da altaneta. Mai walda ya lanƙwasa ƙarafa huɗu ya kama gidan fankar da su a jikin firam ɗin lagireto ta gefe, ba a jikin bututu ba, aka sa roba a ƙarƙashin kowane noti saboda girgiza.

Gidan bai rufe fuskar lagireton duka ba, ya bar wajen yatsu uku a ƙasa, kuma akwai giɓi a gefe. Iska ba ta son wahala: idan ta sami kafa a gefe, ta nan za ta shiga ta bar lagireton da zafinsa. Sai aka yanko falangen alminiyam aka cike giɓin, aka bi bakin da tsohuwar robar ƙofar mota. Da aka jona batir, na sa takarda a gaban lagireto, ta manne a tsakiya, ta manne a kusurwoyi. Gwajin takardar yana nuna wani abu kuma, domin irin wannan mota idan aka juya mata waya baya za ta juya, ta riƙa turo iskar injin mai zafi zuwa gaba tana karo da iskar hanya, kuma ido ba ya saurin gane hakan. Tazarar da ta rage tsakanin fanka da fuli ta kai yatsa biyu, wadda ta isa, ko da injin ya yi tsalle a kan kujerunsa.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar, don haka da safe ake aiki. Yau ranar waya ce, kuma a nan ne aka yi gardama ta biyu. Mai rewaya, yaro ne mai hannu, ya ce, "Yallaɓai, a haɗa ta dairek kawai, kana murza makulli ta tashi. Haka muke yi wa kowa." Haka ne, haka ake yi wa kowa, kuma ina ganin shi ne babban abin da ke ɓata wannan aiki a garejojinmu. Fankar da ke juyawa daga asuba zuwa dare tana cinye gawayin motarta da wuri, tana jan wuta a daidai lokacin da kik ke neman duk abin da batir ya mallaka, tana ɗora wa altaneta kaya a kan titi inda ba a bukatarta. Mafi muni, sau da yawa ta makulli ake ratsa wutar, shi kuwa ba a yi shi don ɗaukar irin wannan nauyi ba.

Ga yadda aka haɗa. Waya mai kaurin milimita 4 ta taso daga kan batir, ta bi ta fis mai amfiya 30 da aka sa dab da batirin, ta shiga ƙafa ta 30 a jikin rile mai amfiya 40, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke ja ya saki babba, wanda kowace ƙafarsa ke da lambarta. Daga ƙafa ta 87 wata mai irin wannan kauri ta tafi fanka, ɗaya wayar fankar kuma aka ɗaure ta a jikin mota bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito fari. Ƙafa ta 86 tana samun wuta daga makulli, ta 85 kuma ta tafi makunnin zafi, wanda zafin ruwa ke kunnawa ya kashe, daga nan zuwa jikin mota. Ta haka makulli da makunnin zafi ba sa ɗaukar komai sai 'yar wutar da ke jan rile, wadda ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba.

Lagireton yana da ramin makunnin zafi a tankin ƙasa, mai zaren milimita 22, an toshe shi da noti. Wurin da ramin yake shi ya yanke lambar da za a saya. Ruwan tankin ƙasa ya riga ya ratso lagireto ya huce da wasu digirori, saboda haka idan aka sa mai kamawa a 92 a can, kafin fanka ta tashi ruwan kan injin ya doshi 100. Na ɗauki mai kamawa a 87 ya saki a 82.

Tsoron mai rewaya shi ne makunnin ya mutu direba bai sani ba, kuma tsoro ne mai tushe, domin fankar fambel idan ta tsaya fitilar caji takan kama, ta lantarki kuwa shiru take mutuwa. Maganin da muka yi shi ne ƙaramin makunnin hannu a gaban direba, wanda ke tayar da fankar ko da na zafi ya ƙi, da koriyar fitila da aka ɗauko daga ƙafa ta 87, mai kamawa duk lokacin da wuta ta tafi fanka.

Lahadi, 9 ga Maris

An zuba ruwan batir, wato tataccen ruwa marar gishiri, kashi biyu, da kulant, wato maganin da ake haɗawa da ruwan lagireto, kashi ɗaya. Ba don sanyi ake sa kulant a nan ba, don tsatsa ne, kuma yawansa ba ya ƙara sanyaya, tunda ruwa zalla ya fi shi ɗaukar zafi. An bar injin yana silo da murfi a buɗe har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe, ruwan ya faɗa, aka ƙara, aka rufe.

Daga nan muka bar ta a tsaye cikin rana. Allura ta hau ta ɗan gota tsakiya, sai muka ji ƙas daga rile, fitila ta kama, fanka ta tashi. Cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi allurar ta dawo, fankar ta tsaya da kanta. Haka ta riƙa yi, kamawa da saki, har muka gaji da kallo. Ƙugin da aka san motar da shi idan an taka totur ya tafi.

Asabar, 22 ga Maris

Matsala biyu sun fito, duk ta ɓangaren wuta. Ta farko direba ne ya kawo ta: a Aliero ana lodi ya ga allura ta wuce inda ta saba tsayawa, koriyar fitila kuma ba ta kama ba, ya danna makunnin hannu, nan ma shiru, sai ya kashe mota. Da aka buɗe bonet, fis bai ƙone ba, gidansa ne ya narke. Robar ta yi baƙi ta kumbura, ƙarafan da ke riƙe ƙafafun fis sun saki, kuma duk inda haɗi ya yi sako-sako a nan zafi ke taruwa. Araha ba ta ado. An cire shi an sa gidan fis na Beljiyam mai manyan ƙafafu, an kuma bi duk kan wayoyi da dalma maimakon murɗawa da selotef.

Ta biyu da dare take bayyana: idan fanka ta tashi a silo, fitilun gaba sukan dushe. Mita ya nuna 14.1 a kan batir idan an ba da wuta, amma a silo da fitilu da fanka yakan sauka zuwa 12.4, wato batir ne ke ciko. Manyan fitilu biyu suna cin wajen amfiya 10, fanka 11, ga kwayil da ƙananan fitilu, tsohuwar altanetar kuwa ba ta ba da abin kirki a ƙaramin juyi. An ɗaure fambel, an wanke wayar da ta haɗa injin da jikin mota, abin ya ɗan gyaru. An sa cigiyar altaneta mai amfiya 70.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Bayan Sallah aka samu altanetar, aka ɗaura, yanzu a silo da komai a kunne mita ba ya sauka ƙasa da 13.5.

Gwajin da na fi jira shi ne na yau: cikakken lodin albasa, da tsakar rana, daga Aliero zuwa Jega, sannan Birnin Kebbi. A kan kwalta fitilar fanka ba ta kama ba ko kaɗan, allura tana zaune ƙasa da tsakiya kaɗan. A cunkoson Jega ta riƙa kamawa tana saki, allura ba ta wuce inda ta tsaya a gareji ba. Ciwon da aka fara aikin dominsa ya warke.

Inda ta nuna iyakarta shi ne hanyar gona mai yashi, a giya ta ɗaya da ta biyu, injin yana kuka mota ba ta gudu. A nan injin ke haifar da zafi mafi yawa, babu iskar hanya, kuma a irin wannan wuri tsohuwar fanka ta fi ta lantarki hura iska, saboda juyin injin ya yi sama. Fankar ta kama ba ta saki ba har aka fito kwalta, allura ta tsaya kashi biyu cikin uku, ba ta ƙara ba. Ya wadatar, amma wanda aikinsa duka a yashi ne, kamar masu jigilar itace da taki a fadama, ba zan ba shi shawarar ya cire fankar fambel ba. Gara ya bar ta ya ƙara ta lantarki a gaba saboda tsayuwa. Na gaya wa direba ya riƙa danna makunnin hannu tun kafin ya shiga yashin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, tambayar farko da kowa ke yi mini ita ce ko shan mai ya ragu. Lissafi yana goyon bayan hakan: ƙarfin da fanka ke ci yana ninkuwa sau takwas idan gudunta ya ninka sau biyu, don haka ta fambel a kan titi take yin ɓarnarta, ita kuwa wannan wat 150 da ɗoriya take ci, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin doki ɗaya, kuma sai ta tashi. Direba ya ce yana ganin sauƙi. Ni dai ina danganta rabinsa da tamostat, kuma lodi da hanya suna bambanta kullum, don haka za a ci gaba da rubuta lita da kilomita a littafin mota har ƙarshen damina.

An duba ƙarafan da ke riƙe da fanka, babu tsagewa, an ƙara ɗaure noti ɗaya na ƙasa. Ruwa bai ragu ba. An ajiye rile da fis biyu da makunnin zafi na ko-ta-kwana a aljihun mota, tsofaffin fikafikai da kusoshinsu kuma suna bayan kujera, tunda mayar da su ba ya wuce aikin rabin awa a bakin hanya. Abin da ya rage kafin ruwan farko shi ne a matsar da rile sama kusa da batir, ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki, a cusa giris a soket ɗin fanka da na makunnin zafi, sannan a ƙara makunnin da zai yanke fankar gaba ɗaya idan za a ratsa ruwa a hanyar fadama, domin fikafikan roba idan suka daki ruwa suna juyawa sukan lanƙwashe su yanki lagireto.